Ranar da Aka Auna Ni da Kara

Da sunan Allah nake farawa, yadda na saba yi kafin in sa almakashi a yadin mutane. Ni Kulu ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in yi masa sallama in wuce. Autata Nana ce ke riƙe da alƙalami, ita ma ga furfura ta fara leƙo mata, kuma na gaya mata duk inda ta gyara mini magana zan gane idan ta karanto. Abin da ya sa na zaunar da ita, na ji labarin da kuke ba 'ya'yanku, wai na taɓa yin mutuwar ƙarya don babanku ya dawo daga tunga. Wasu ma sun ƙara da cewa har wanka aka yi mini. To ku saurara, yau daga bakin mai gawar za ku ji.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato ne, Kabi ba ta zama jiha ba. Ruwan Kainji ya daɗe da cinye gungun da aka haife ni, wato tsibirinmu, an kwaso mu an zuba a Yelwa cikin gidajen siminti masu zafi kamar tanda. Inna, mahaifiyata, tana wurina tun rasuwar Baba. Babanku masunci ne, idan kaka ta yi sai ya tafi tunga can wajen Ngaski, ya yi wata biyu ba mu gan shi ba, sai dai kifi ya zo a jirgin kasuwa. Ni kuwa banda nake yi. Tun ina budurwa nake tsaye a kan hayaƙi ina juya tarwaɗa da karfasa, har idona ya koma ja, tari ya kama ni wanda idan na fara sai na dafa bango. Malamin asibiti ya sa ƙarfensa a bayana, ya ce ko in bar hayaƙi ko hayaƙi ya raba ni da 'ya'yana. Ku biyar ne a lokacin. Da me zan bar banda, ban san wata sana'a ba? Ana cikin haka aka buɗe ajin koyon ɗinki na matan aure a unguwarmu, aka ce duk wadda ta kammala za a ba ta keken ɗinki nata na kanta. Sharaɗi ɗaya ne: ranar yaye kowace mace ta fito gaban baƙin Sakkwato sanye da rigar da ta yanka ta ɗinka wa kanta. Wadda ba ta sa ba, ta karɓi takarda ta tafi gida, keke ba nata ba ne.

Kun san jikina, to a lokacin na fi haka nesa. In na shiga kwalekwale sai mai tuƙi ya ce mutum biyu su koma ɗaya gefen. Ban taɓa jin kunyar wannan ba, don a gungunmu mace mai jiki ita ake kira mace. Abu ɗaya ne ban taɓa samu ba, riga. Telolin kasuwa duk maza ne, ba zan tsaya namiji ya zagaye ni da igiya ba, saboda haka zane nake ɗaurawa a ƙirji in yafa wani a sama, haka na yi aure, haka na haife ku. Na shiga ajin da ƙarfina. Wata uku ba a yi ba na fi kowa taka keke, layina ba ya karkacewa, ramin maɓallina har zagayawa Malama take yi da shi tana nuna wa sauran. Malama Luba ke nan, yarinya ce 'yar siririya daga Sakkwato, mai haƙuri, ba ta da mugun nufi. Tana da wani littafi mai ɗauke da takardun yanka, wato siffar gaban riga da bayanta da hannunta an fitar da su a takarda, sai ki shimfiɗa a kan yadi ki bi da alli ki yanka. Da yaye ya matso ta ce kowa ta zo a auna ta a ba ta takardar da ta dace da ita. Aka zo kaina.

"Kulu, ɗaga hannuwanki."

Na ɗaga. Ta zagayo da tef ta ƙuguna, ta ja, ta sake ja, bakinsa biyu suka ƙi haɗuwa. Saura kamar yatsa huɗu. Ƙawata Balki, wadda muke banda tare tun muna gungu, ta ce daga bayan aji:

"Malama, a aika bakin ruwa a aro igiyar taru."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Malama ce ba ta yi ba. Ta buɗe littafin tana juya shafi, ta kai ƙarshe ta dawo farko.

"Littafin nan girma uku ya sani," in ji ta, "ƙarama, da matsakaiciya, da babba."

"To ni ta nawa ce?"

"Ba ki ciki."

Na tsaya ina kallonta. Ni da nake ganin rabin matan kasuwar kifi irina ne, yau an ce an yi littafi sukutum na tufatar da mata, an buga shi, an ɗauko shi a mota tun daga Sakkwato, kuma ba wanda ya tuna akwai mu a duniya. Ban ji haushi ba tukuna, mamaki ne ya cika ni. Malama ta yi iya ƙoƙarinta, ba zan ci amanarta ba. Ta ɗauki babbar takardar ta ƙara mata taƙi ɗaya ta kowane gefe, muka gwada a tsohon ƙyalle, sai wuyan ya fito kamar bakin rijiya, kafaɗa ta zubo har gwiwar hannu, ƙirji kuma bai shiga ba. Daga nan ta ce in ɗinka wa Balki riga, ranar yaye in tsaya a baya da zanena. Na ce mata ban zo koyon tsayuwa a baya ba.

Dabarar da ta jawo komai tawa ce, ba zan ɗora wa Balki ba, Allah ya ji ƙanta. Na tuna yadda muke yi idan za a saƙa wa tukunya faifai: a kifa ta a ƙasa, a zana bakinta, a bi zanen. Na ce me zai hana a kwantar da ni a zana ni? Muka samo takardun buhun siminti, muka manna su da ƙullin rogo har suka yi faɗin tabarma. Ranar kasuwa da hantsi, Inna ta tafi barka a maƙwabta, ku kuma kuna makarantar allo, muka shimfiɗa takardar a tsakar ɗakina. Na kwanta rigingine, na miƙe ƙafafu, na haɗa hannuwa a jiki. Balki ta ɗauki gawayi tana bin gefena. Tef ɗaya ne a ajin duka, yana akwatin Malama, don haka ta zaro karan dawa daga dangar bayan gida, ta ɗora shi daga kafaɗata zuwa idon sawu don ta fitar da tsawo. Mu biyu manyan mata, kowace ta sha ganin yadda ake ɗora wa mamaci kara a kai wa masu haƙar kabari, amma wallahi ba wadda abin ya zo wa a rai. Ƙurar gawayi na shiga idona, na rufe shi. Na kuma riƙe numfashi don cikin ya ɗan koma, kada zanen ya yi yawa. Balki ta ga haka, dariya ta ci ƙarfinta har hawaye na zuba, ta durƙusa a kaina da karan a hannu tana share ido da bakin zane. A haka Inna ta ɗaga labule.

Sai kun san wani abu kafin ku gane abin da ya biyo baya. Ni ce ɗiyar fari, kuma Inna mutuniyar da ce, ta riƙe kunya da gaske. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, ko "wagga". Ranar aurena ba ta kalle ni ba. Da na haifi yayanku na kwana biyu ina naƙuda, tana bayan ɗaki tana sussukar gero kamar ba ta san ana yi ba. Na kai shekarun da na kai ban san yadda sunana yake a bakinta ba. Ran nan na ji ƙwarya ta faɗi, sannan na ji wata murya siririya kamar ta yarinya.

"Kulu."

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko babanku. Na ji ta sarai. Da na buɗe ido a lokacin na ce "Na'am, Inna", da ba a yi komai ba, da an yi dariya an watse. Ban buɗe ba. Da farko jikina ne ya mutu don mamaki. Bayan nan kuma, gaskiya ɗaya ce, so nake ta sake faɗa. Na kwanta shiru, numfashi uku ko huɗu, ba su fi haka ba.

"Kulu. Hauwa'u. Ɗiyata."

Sai ta sa salati ta juya da baya, ta fita tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi. Numfashi huɗun nan su suka ba maƙwabciyarmu Ige dama. Ta ji salati, ta leƙo ta katanga, ta hango ƙafafuna a miƙe ta ƙofa da Balki da kara, ba ta tsaya tambaya ba ta nufi bakin ruwa, inda jirgin kasuwa mai zuwa Ngaski ke ɗaga igiya, ta ba da saƙo a gaya wa babanku na rasu. Kafin in tashi in gyara zane in ɗebo ruwa, mata sun fara shigowa da kuka. Na fito gefen jikina duk baƙin gawayi, buta a hannu. Ta gaba ta yi baya ta taka ta bayanta, wata ta bar takalmi, wata ta haye turmi. Liman ma sai da ya iso zaure, aka ce masa mamaciyar tana ciki tana yi wa uwarta fifita. Na zuba wa Inna ruwa har ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙa hannu ta matsa babban yatsan ƙafata.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Mi kika yi kwance da kara bisa?"

"Riga nika so, Inna."

"Riga," in ji ta. Ta maimaita a hankali kamar ba ta taɓa jin kalmar ba. Ta juya fuska bango.

Nan take aka tura mutum ya bi mota ya ƙaryata labarin, amma shi ta hanya ya bi, babanku kuwa ta ruwa ya taho, suka saɓa. Labari ya same shi yana tsakiyar tafki ya gama zuba taru. Bai tsaya ja ba, ya bar shi a ruwa ya juyo. Washegari da hantsi ina bakin banda ina juya kifi, don ko an ce ka mutu kifi ba ya jira, sai na ji an tsaya a bayana. Na waiwaya. Ga shi nan ba hula, ƙafa duk laka, idanu sun kumbura. Shi a saninsa tun jiya an binne ni, gaisuwa ya zo karɓa. Ya sulale ya zauna a cikin toka. Mutumin da ya taɓa kokawa da giwan ruwa har ya karya masa haƙarƙari bai yi ƙara ba, shi na gani yana rawar jiki kamar mai zazzaɓi. Na kawo ruwa ya sha. Da ya samu magana abin da ya ce ke nan:

"Wa anka binne, to?"

Tarun bai dawo ba. Iska ta ja shi ya sarƙe a kututturan itatuwan da tafki ya cinye, aka tsamo tsumma. Kakar nan duka a jirgin wasu babanku ya yi aiki, shi da yake da yaransa. Har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Inna ce ta yanke hukunci, a gabansa, kwana biyu bayan haka.

"Ke wagga. In dai ina numfashi, ban yafe ba a sake auna ki. Da kara, da zare, da igiyar Malama, duk ɗaya ne."

Na ce na ji. A raina na ce ai aikin gama ya gama, zanen yana nan a naɗe a bayan gado. Na ɗauko atamfar da nake ajiya tun sunan Nana, na shimfiɗa takardar a kai, na yanka gaba da baya daidai da zanen, na kai aji na ɗinka. Na shiga bayan labule na sa kai. Ta sauko zuwa ƙirji ta tsaya. Na ja, ɗinkin hammata ya yi ƙara. Na tsaya hannuwa a sama, riga ta rufe mini fuska, ba gaba ba baya, sai da Balki da Malama suka taru suka zare ni. Nan na gane wautar. Gawayi faɗina kawai ya zana, bai san tudun gaba da na baya ba. Na ɗauki kaina faifai, ashe tulu ce. An tsorata uwata har ta suma, an salwantar da taru, an mayar da ni abin nuni a kasuwa, duk a kan takardar da ko da ba a yi komai ba ba za ta yi aiki ba. Saura kwana tara yaye. Ba atamfa, ba takarda, ba damar awo. Na dawo gida na hura banda, na tsaya a kan hayaƙi ina tari, na ce shi ke nan, a nan zan ƙare.

Kwana uku Inna tana jin tarin. Rana ta huɗu bayan azahar ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe adudunta, wanda ta ɗauko a ka ranar da aka kwashe mu daga gungu, ta tono har ƙasa ta fito da wata taguwa ta saƙi, rinin shuni, ta koɗe a kafaɗa. Ban taɓa ganinta ba. Ta ce wani maɗinki Banufe ne da yake zuwa gungu a jirgi ya yi mata, mutumin da ba ya taɓa mace, sai dai ya kalle ta sau ɗaya ta gifta ya yanka. Ita ta sa ranar sunana.

"Sa mu gani."

Na sa. Ta zauna a jikina kamar don ni aka yi. Karon farko a rayuwata na ɗaga hannu cikin riga ba abin da ya ja ni. Inna ta miƙo mini reza.

"Farke ta. Ki bi ɗinkin, kada ki ci saƙin."

"Inna, in na farke ba ta komawa. Zaren ya mutu."

"Na sani. Ni na ce ki farke."

Na zauna a gabanta ina farkewa. Abin da na gani a ciki ya fi duk karatun littafin Malama. Gaban ya fi bayan tsawo, don ƙirji ya ci nasa rigar ba ta ɗage ba. Wuyan ƙarami ne kamar na kowace mace, don ƙiba ba ta faɗaɗa wuya yadda take faɗaɗa ƙugu. A kowace hammata akwai ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, a kowane gefe kuma an tsarga wani dogo mai faɗi a ƙasa. Gida bakwai na fitar. Ina ɗora su a takarda ina zanawa suna ruɓewa a hannuna, na ƙarshen ma sai da na tattara shi da tsintsiya. Abin da Inna ta tsira da shi daga gidanta na gungu ke nan. Tana zaune tana kallo, tana jan carbi, ba ta ɗauke ido ba har na gama.

Babanku ya kawo yadi, ban tambaye shi yadda ya yi ba. Ranar yaye na fito a layin gaba. Malama Luba ta gaya wa baƙin gaskiya, cewa yankan ba daga littafi ya fito ba. Suka yi shawara a tsakaninsu, ɗaya ta zo ta ɗaga hannuna ta duba hammata, ta sa na sunkuya na miƙe. Aka kira sunana. A ka na ɗauko keken har gida, ban yarda kowa ya taɓa ba. Tun ranar ban sake hura banda ba, kuma duk matar da tef ya ƙi zagayewa daga Shanga har Wara ta san ƙofar gidan nan.

Ɗinkin farko da na yi a kekena na Inna ne. Na ce zan mayar mata da taguwarta. Na samo saƙi mai shuni, na bi takardar nan gida bakwai ban rage ko yatsa ba, tun da jikinta aka yi wa asali. Na kai mata da safe, na taimaka mata ta sa. Sai rigar ta zubo. Kafaɗa ta sauka har damtse, hannunta ya ɓace a ciki, gaban ya taru a cinyarta kamar an yafa wa kujera zane. Na tsaya riƙe da bakin rigar. Kullum muna gida ɗaya, ni nake zuba mata tuwo, kuma a idona har ran nan Inna ita ce katafariyar matar da take tuƙa kwalekwale ita kaɗai ta ƙetare kogin Kwara. Ban san yaushe ta ƙare ba. Tun barinmu gungu take zubewa a cikin zannuwanta, ni ina can ina fama da nawa jikin ban duba ba. Na ga ƙashin wuyanta, na ga wuyan hannunta bai fi na Nana ba.

"Bari in rage ta, Inna. Yanzun nan zan kawo."

Ta riƙe rigar a ƙirji da hannu biyu.

"Kada ki taɓa. Bar ta yadda take, ɗiyanki su san ni ma na yi jiki."

Haka ta riƙa sa ta duk Juma'a, tana naɗe hannun sau uku, har damina ta biyu da Allah ya karɓi abinsa. Ku da kuka tashi kuka ganta 'yar tsohuwa mai sanda, kuna cewa ban ɗauko ta ba, ba ku ga Inna ba ne. Ni ma da nake tare da ita na makara. Allah ya haskaka kabarinta, ya yafe mini. Nana, ajiye alƙalamin haka nan.